Dankon da Ba Ya Cikin Littafi

Ranar da aka kira taro a kan sabuwar manhaja, Mai Haɗi ya zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa. Shekararsa ashirin da shida yana haɗa fenti a masana'antar nan, kuma bai taɓa ganin an tara ma'aikata a ɗaki mai sanyi, an raba musu ruwan roba da biskit, sannan abin da ya biyo baya ya zama alheri ba.

Ƙaramin Yallaɓai ne ya buɗe taron. Shi ne ɗan marigayin da ya kafa masana'antar. Ya gaji kujerar ubansa shekara biyu da suka wuce, ya gaji dogon hancinsa, amma bai gaji ƙafafunsa ba. Tsohon kullum yana zagaye tsakanin tankuna da sito, shi kuwa ɗan ya fi yarda da abin da aka kawo masa a takarda. Ya yi minti goma yana magana a kan zamani da ci gaba, sannan ya miƙa wa wata mata mai tabarau abin magana. Ya ce kamfanin da ya sayar musu da manhajar ne ya turo ta, za ta zauna da su wata uku. Aka ce mata Injiniya, sunan ya bi ta.

Ita dai ba ta yi kwana-kwana ba. Ta haska zane a bango, babban akwati a tsakiya, ƙanana shida sun kewaye shi.

"Yanzu kowane ofis da littafinsa," in ji ta. "Sito na da nasa, masu sayo kaya na da nasu, masu sayarwa na da nasu, ofishin ma'aikata na da nasa. In aka tambayi duro nawa ya rage, sai a sami amsa uku, kuma kowa zai iya rantsuwa a kan tasa. Manhajar nan littafi ɗaya ce ga kowa. In aka sayar da bokiti ɗari, ɗakin haɗi zai gani nan take, ya san aikin da ke gabansa. In aka haɗa tanki ɗaya, da kanta za ta cire kayan da aka zuba daga na sito. In kaya suka yi ƙasa, za ta sanar da masu sayowa tun kafin su ƙare. Har zuwanku aiki da hutunku, duk suna ciki."

"Wato abin da aka yi a wannan ɗaki, kafin a rufe ƙofa an ji shi a wancan?" Mai sito ne ya tambaya daga layin gaba.

"Haka ne."

"Ashe magulmaciya aka sayo mana."

Ɗakin ya fashe da dariya, har Injiniya ta murmusa. Manhajar tana da sunanta, wasu harufa uku na Turanci, amma daga ranar ba wanda ya sake kiranta da su.

Mai Haɗi bai yi dariya ba. Mai siton nan ƙanin matarsa ne, autan gidansu. Shekararsa hamsin da ɗaya, da furfura a gemu da jikoki biyu, amma har yau Auta ake ce masa, kuma har yau bakinsa ke riga hankalinsa isa wuri. Mai Haɗi ne ya samo masa aikin, shekara goma sha tara da suka wuce, don a sami zaman lafiya a gida.

Da suka fito, Auta ya cim masa a tsakar masana'anta.

"Yaya, ka ga fuskarka kuwa? Kamar wanda aka ce ya haɗa fenti da ruwan wanki."

"Kai dai ci biskit ɗinka."

"Na ci nawa, na ci naka. Me ke damunka?"

"Ka taɓa ganin an sayo injin da zai ƙara yawan ma'aikata?"

"Ni dai in za ta riƙa ƙirga mini buhu, na ba ta kujerata har da matashin."

"Ba sai ka ba ta ba," in ji Mai Haɗi. "Da kanta za ta ɗauka."

Mako biyu Injiniya ta yi tana bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, tana kwashe abin da ke cikin littattafai tana ɗura wa Magulmaciya. Mai Haɗi yana lura da ita daga nesa, yana ƙirga ɗakunan da suka rage kafin nasa. Ranar Talata da safe ta iso.

Ɗakin haɗi dogo ne, da tankuna uku a jere da injin juyawa a kan kowanne. Simintin ƙasa ya sha ɗigon duk fentin da aka taɓa yi a gidan, har ba ya da launin kansa. Warin wurin yakan bi mutum gida ya kwana a rigarsa. Akwai sikeli a lungu, da famfon zuƙo danko daga duro, da wani tebur mai durowa ɗaya da kwaɗo. A cikin durowar baƙin littafi yake, wanda marigayi ya rubuta haɗin kowane fenti da hannunsa.

Fenti iri goma sha ɗaya suke yi, amma farin fentin waje shi ke riƙe da gidan. Shi ne wanda ruwan sama ba ya ɓamɓarewa, shi 'yan kwangila ke jira ko da za a yi mako uku ba a samu ba. A shafinsa marigayi ya rubuta cewa kowane tanki ana zuba danko lita arba'in, da alli buhu goma sha biyu. Danko shi ne ruwan nan mai yauƙi da ke sa fenti ya kama bango, alli kuwa cika ciki ne kawai, mai araha.

Abin da ke shafin ƙarya ne, kuma marigayi ya san ƙarya ya rubuta. Tun da daɗewa wani mai haɗi da ya riga wannan ya kwafe littafin ya gudu, ya buɗe tasa masana'antar a ƙarshen titi. Tsohon ya sha wuya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan ya sake haɗin farin, ya rubuta na banza a littafi don ɓarawo na gaba, na gaskiyar kuwa ya faɗa wa Mai Haɗi baki da baki: danko lita hamsin da biyu, alli buhu tara.

"Kar ka rubuta," ya ce masa a ranar. "Muddin yana kanka, ba mai korar ka, ko ni."

Shekara ashirin da shida ke nan. Duk lokacin da aka zo zuba danko da alli, sai Mai Haɗi ya aiki Dogo ɗauraye bokitai a bayan gini. Dogo shi ne mataimakinsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana jibge buhuna a gefen tanki ba tare da ya ga nawa ake farkewa ba. Mai Haɗi ba ya amfani da sikeli a wannan aiki. Yana da wata tsohuwar sanda mai tsaga, ita yake tsomawa a duro. A can sito kuwa, Auta in ya ga durorin danko sun ragu sai ya ce a sayo, in ya ga alli ya yi yawa sai ya ce a dakata. Ba wanda ya taɓa ɗora littafin haɗi a kan littafin sito ya duba ko sun yi daidai. Ba dalilin yin haka, fenti na fita, masu saye na dawowa.

"Baba, ina kwana," in ji Injiniya. "Littafin haɗi na zo gani."

Ya buɗe kwaɗon a hankali, ya miƙa mata. Ta zauna a kan wani duro da babu komai a ciki, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta shiga kwafewa. Ya tsaya a kanta yana kallon yatsunta. Da ta zo shafin farin waje sai ta ɗago kai.

"Abin da ke nan shi ne daidai abin da ake zubawa? Don da shi manhajar za ta riƙa cirewa daga sito."

"Rubutun marigayi ne. Marigayi kike tuhuma?"

"A'a, Baba, Allah ya jiƙansa. Tambaya ce da nake yi wa kowa."

"To kin yi."

Ta dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ta rubuta arba'in da goma sha biyu. Da ta fita ya mayar da littafin, ya danna kwaɗo, ya ji wani daɗi irin na wanda ya sayar wa mai wayo da jabun kaya. Ai bai yi ƙarya ba. Tambaya aka yi masa, ya amsa da tambaya.

Aka kunna Magulmaciya a farkon wata. Aka kafe allo a bangon kowane ɗaki, aka ba kowa lambar sirrinsa. Mai Haɗi ya rubuta tasa a bayan sandar. Duk tankin da ya gama, sai ya danna wuri ɗaya a allon, shi ke nan aikinsa da ita. Dole ya yarda, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, cewa wasu abubuwa sun gyaru. An daina sayar da fentin da ba a haɗa ba tukuna. An daina aiko masa da takarda uku masu saɓa wa juna a rana ɗaya. Wannan gyaruwar ce ma ta ƙara masa zargi, don a ganinsa abin da aka kawo don cutar da mutum ba ya fara da cizo.

Bayan mako shida aka yi ƙirgen sito na farko. Injiniya da mutum biyu daga ofis suka bi duro-duro, buhu-buhu, Auta na biye da su yana ba su labarin yadda ɓera ya taɓa faɗawa cikin jan fenti. Da azahar labarin ya ƙare. A allon sito wani jan layi ya fito: danko duro uku babu su, lita ɗari shida.

Kafin la'asar kowa ya ji. Magulmaciya ta cika sunanta, don jan layin ya bayyana a ofishin Yallaɓai a daidai lokacin da ya bayyana a sito. Danko shi ne kaya mafi tsada a gidan, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin inda ake ajiye shi. Yallaɓai ya karɓe makullan daga hannun Auta a gaban masu lodi. Ya ce ya tafi gida, ya ba shi zuwa Litinin ya zo da bayani, in babu bayani za a kira 'yan sanda.

Mai Haɗi yana bakin ƙofar ɗakinsa lokacin da Auta ya wuce. Auta ya buɗe baki kamar zai yi wasan da ya saba, bai sami ko ɗaya ba, ya wuce. Mai Haɗi kuwa tuni ya gama lissafin a kansa. Tanki hamsin na farin waje ya haɗa a mako shidan nan. Kowanne da lita goma sha biyu da Magulmaciya ba ta sani ba. Dankon yana nan, yana manne a bangon gidajen mutane.

Da ya koma gida da yamma, ya tarar da Auta zaune a falo, an ajiye masa abinci bai taɓa ba. Matar Mai Haɗi tana tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

"Malam, ka ji abin da aka yi wa yaron nan?"

Yaron nan ya sunkuyar da kansa mai furfura.

"Na ji."

"Ƙanena mashiririci ne, na sani. Ya taɓa mantawa da ɗansa a kasuwa. Amma sata? Mutumin da in ya tsinci biro sai ya bi ofisoshi yana neman mai shi?"

"Yaya, wallahi ko ɗigo ban ɗauka ba," in ji Auta. "Ina zan kai duro uku? A aljihu? Ni ko sanin abin da ake yi da shi a waje ban yi ba."

"Wataƙila injin ne ya yi kuskure," in ji Mai Haɗi, yana kwance igiyar takalmi. "Sabon abu ne. Zuwa Litinin za su gano."

Ya yi ta fama da igiyar fiye da yadda take buƙata. Bayan Auta ya tafi, matar ta kwashe kwanukan, ta dawo ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ta san shi kamar yadda ya san warin danko.

"Mako shida ke nan," ta ce, "kullum sai ka zagi manhajar nan kafin ka cire takalmi. Yau da ta yi abin zagi, ka ce mata sabon abu."

"Gajiya ce."

"To. Allah ya sa gajiyar ce. Ni dai ƙane ɗaya ya rage mini."

Ba ta ƙara ba. Ta fi shi sanin cewa in aka matsa masa taurin kai yake ƙarawa.

Washegari ya haɗa tanki biyu, hankalinsa ba ya kan ko ɗaya. Ya juya maganar ta kowace fuska, kuma kowace fuska da abin zarginta. Wataƙila Ƙaramin Yallaɓai ya san komai. Wataƙila tsohon ya faɗa masa a gadon asibiti cewa littafin ƙarya ne, bai kai ga faɗin lambobin ba, shi ne ɗan ya sayo wannan tarko mai tsada don ya zaro su daga kan Mai Haɗi. In ba haka ba, me ya sa aka fara ƙirge da danko? Me ya sa aka karɓi makullan a tsakar masana'anta, daidai inda za a gani daga ƙofar ɗakin haɗi? Har ya kai ga tambayar kansa ko da Auta aka haɗa baki. Sai ya tuna yadda Auta ya bar abinci bai ci ba. Wannan kam Auta ba zai iya yin sa da gangan ba, ko nawa aka ba shi.

In kuma ya yi shiru fa? Ba a kama Auta da komai a hannu ba. Za a ja shi, a tambaye shi, a sake shi. Aikin ne dai zai tafi, da sunansa. A unguwa za a riƙa nuna shi ana cewa mai siton nan da ya sayar da duro uku. Sannan bayan wani mako shidan za a sake ƙirge, a sake samun jan layi, da sabon mai sito. Amma kafin nan wa ya sani, wataƙila an gaji da Magulmaciya an kashe ta.

Ranar Juma'a da safe Injiniya ta shigo ba tare da kwamfuta ba. Ta jira Dogo ya fita, ta zauna a kan duron nan nata.

"Baba, kowa na maganar danko. Ba wanda ya kalli layin da ke ƙasansa, don shi ba ja ba ne."

Mai Haɗi ya ci gaba da goge sandarsa.

"Alli ya yi rara da buhu ɗari da hamsin. Na yi aiki a masana'anta tara kafin nan. Na ga ɓarayi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya saci danko sannan ya kawo alli ya ajiye a madadinsa ba."

"Sai ki faɗa wa Yallaɓai."

"Na faɗa masa. Ya ce allin ba ya damunsa, dankon ne mai tsada. Ni kuma ban da abin da zan nuna masa, sai zato."

"Me kike zato?"

"Ina zaton fentinku ya fi littafinku kyau."

Ya ajiye tsumman. Ya duba fuskarta yana neman alamar wadda ta yi nasara, bai samu ba. Hakan ma bai kwantar masa da hankali ba, ƙwararru ba sa nunawa.

"In aka zuba abu a cikin Magulmaciyar nan," ya ce, "wa ke iya gani?"

"Wanda Yallaɓai ya ba izini."

"In ya ba Dogo?"

"Dogo zai gani."

"Ya haɗa ba tare da ni ba?"

"In lambobin daidai ne, zai haɗa."

"To ni me ya rage mini?"

Ta cire tabaran, ta goge da gefen mayafinta, ta mayar. Da ta ce masa gogewarsa ba ta da na biyu, da ta ce masana'anta ba za ta taɓa yi ba sai da shi, da ya sami abin da yake nema, wato ƙaryar da zai kama ta da ita ya kore ta daga ɗakin.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Ba ni ke yanke wannan ba. Ni aikina littafi ya zama ɗaya, ya kuma zama gaskiya."

Asabar da Lahadi matarsa ba ta ce masa uffan a kan maganar ba. Ta dai riƙa kiran Auta a waya a gabansa, tana tambaya ko ya ci abinci.

Ranar Litinin da ƙarfe tara Mai Haɗi ya hau bene zuwa ofishin Yallaɓai, da sandarsa a hannu, da kayan aikinsa masu ɗigon fenti. Auta yana zaune a benci a waje, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, kamar kyan riga zai yi masa shaida. A ciki Injiniya na gefe da kwamfutarta.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Haɗi, "dankonka ba a sace shi ba. Ni na zuba shi a fenti."

Ya ba da labarin duka, tun daga mai haɗin da ya gudu da littafi. Yallaɓai ya saurara yana juya biro, idonsa a ƙanƙance. A nan ne kawai Mai Haɗi ya ga ubansa a fuskarsa.

"Baba, mai siton nan ƙanin matarka ne. Ta ina zan san ba rufa masa asiri ka zo yi ba? Mahaifina bai taɓa faɗa mini wannan ba."

"Ka taɓa saukowa ɗakin haɗi ka tambaye shi?"

Injiniya ta yi sauri ta shiga tsakani. "Yallaɓai, abin da sauƙi. Ya faɗi lambobinsa in saka. In ƙirƙira ya yi, layi ɗaya zai gyaru, ɗayan ya lalace. Sai gaskiya ce za ta daidaita danko da alli a tare."

Dukansu suka juyo suna kallonsa. Shekara ashirin da shida lambobin nan ba su taɓa fitowa daga bakinsa ba, ko a mafarki.

"Danko lita hamsin da biyu. Alli buhu tara."

Yatsunta suka motsa sau biyar ko shida. Ta juya allon ya fuskanci Yallaɓai. Jan layin ya ɓace, rarar allin ma ta ɓace, ko rabin buhu bai yi saura ba. Abin da marigayi ya ɓoye shekara da shekaru, Magulmaciya ta haɗiye shi cikin lokacin da bai isa a sha ruwa ba.

Aka kira Auta aka mayar masa da makullai. Yallaɓai ya ba shi haƙuri a tsaye, a ofis, mutum biyu kawai na ji, alhali a gaban mutum ashirin aka karɓi makullan. A kan matakala Auta ya tsaya ya juyo.

"Yaya, wato tun ranar farko ka sani?"

"Na sani."

"Kwana biyar ban ci abinci ba."

"Ai ka rama na biskit ɗina."

Auta ya yi dariya, amma gajera, kuma bai jira shi sun sauka tare ba.

Bayan kwana goma Yallaɓai ya sake kiran Mai Haɗi. Wannan karon har da shayi, abin da ya sa ya zauna a bakin kujera.

"Baba, manhajar ta nuna mana wani abin kunya. Shekara ashirin da shida ba ka taɓa tafiya hutu ba. Kwana ɗari biyar da ashirin sun taru."

"Ba mai haɗa farin in na tafi."

"Yanzu akwai. Na ba Dogo izini. Ka fara da wata biyu, ka huta, ka ga jikokinka. Kujerarka na nan."

Mai Haɗi ba shi da kujera a ɗakin haɗi, tsaye yake aiki, amma bai gyara masa maganar ba. Ya duba fuskar yaron ko zai gane hutu ake ba shi ko hanya ake nuna masa. Fuskar ba ta nuna komai ba. Wataƙila shi kansa Yallaɓan bai yanke ba tukuna, yana jira ya ga abin da allo zai ce.

Mako na biyu da fara hutun, Auta ya biyo da yamma da ƙaramin gwangwani a leda.

"Haɗin Dogo ne, na farko. Ya ce a kawo maka ka gani. Da sikeli ya auna, sandarka ya rataye ta a ƙusa."

Mai Haɗi ya buɗe murfin da wuƙar kicin, ya shanshana, ya tsoma yatsa ya murza. Ya nemo tsohon burushi, ya fita bayan gida inda ruwan indararo ke dukan bango, ya ja layi ɗaya mai faɗin tafin hannu daga sama har ƙasa.

"Me kake so ya yi?" matarsa ta tambaya daga taga. "Ya kama ko ya ɓare?"

"Shiga ciki, akwai wari."

Ranar Alhamis aka yi ruwa, mai ƙarfi, tun hantsi har bayan azahar. Da ya ɗauke, Mai Haɗi ya fita da silifas ya taka taɓo ya tsaya a gaban layin. Fari fat yake, ruwa na gangarowa a kansa. Ya sa farcen babban yatsa ya kankara, ya ƙara ƙarfi, ya sake kankarawa a ƙasa inda ruwa ya fi duka, har farcen ya lanƙwashe. Fentin bai motsa ba.

"Ya kama?" in ji matar.

"Ya kama."

"To alhamdu lillahi."

Ya tsaya yana duban farcensa. Daga nan ya koma ciki, ya ɗauko kalandar da ke bayan ƙofa, ya ƙirga kwanakin hutun da suka rage. Ya ciro waya ya duba ko an kira daga masana'anta. Ba a kira ba.